Ɓular Zuciya Bayan Buguwar Ƙirji

Jama'a, hanyar Kaduna zuwa Kachia da Kafanchan, wadda ta ratsa Kasuwan Magani, ba ta rabuwa da motoci. In haɗari ya auku, sitiyari ya daki ƙirjin direba, sau da yawa haƙarƙari kaɗai ake dubawa, a nufi gidan mai ɗori. Alhali kuwa a tsakiyar zuciya akwai bangon tsoka da ya raba dama da hagu, duka mai ƙarfi yakan ɓula shi. Wani lokaci sai bayan kwanaki alama ke fitowa: haki, kasala, kumburin ƙafa.

A da, sai an tsaga ƙirji. A 1975 Likita King da Likita Mills na Amurka suka fara toshe ɓular zuciya ba tare da tsagawa ba. Akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuciya, a buɗe wata 'yar lema, ta rufe wurin. Ba kowace ɓula ce ke karɓar wannan ba. Hoton zuciya shi ke nunawa.

Saboda haka wanda ya bugu a ƙirji ya je asibiti ko da ya ji sauƙi. In haki ya taso daga baya, ya koma nan da nan, a saurari zuciyarsa.