Shin hamada tafiya take yi? Jawabi game da nazariyyar masana da ƙasar Adar



Kowa a nan ya taɓa jin ana cewa hamada tana tahowa, tana cin kilomita biyar ko shida kowace shekara. Ina so mu bi sawun maganar nan, domin an yi doka da ita, an kashe kuɗi da ita, an kuma ci talakawa tara da ita.

A 1935 wani Baturen gandun daji, Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana gangarowa kudu. Ingila da Faransa suka tura kwamiti ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937; ya dawo bai ga rairayin da ke tafiya ba. Maganar ba ta mutu ba. A 1975 Lamprey ya gwada taswirar 1958 da abin da ya hango daga jirgin sama a Sudan, bayan fari, ya fitar da kilomita biyar da rabi a shekara. A shekarar nan kuma Charney na Amurka ya kawo lissafi: in dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat, ta mayar da hasken rana sama, sai hadari ya ƙi haɗuwa. Ke nan makiyayi da manomi su ne masu laifin fari.

To, mene ne matsayin irin wannan lissafi? Masana falsafa sun rabu. Wasu sun ce nazariyya hoton gaskiya ce. Wasu sun ce kayan aiki ce kawai, kamar tiya: ba ita ce hatsin ba, amma da ita ake ciniki. Ku ƴan kasuwa kun san tiyar Madawa da ta wata kasuwa ba lallai su zo ɗaya ba, kuma mai hankali yakan gwada kafin ya biya. Karl Popper, tun 1934, ya kafa sharaɗin da na fi yarda da shi: nazariyya ba ta shiga sahun kimiyya sai ta faɗi abin da in an gan shi za a ce ta faɗi.

An gan shi kuwa. A 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa daminar Sahel tana bin zafin ruwan teku. A 1991 hotunan tauraron ɗan'adam da Tucker ya tara suka nuna bakin hamada yana saukowa a shekarun fari, yana komawa arewa in ruwa ya samu. Lissafin Charney yana da ɗan rabonsa na gaskiya. Amma kwamfuta ba ta san abin da ba a zuba mata ba, kuma teku ba ta cikin lissafin.

Yanzu mu dawo gida. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, da sunan yaƙi da hamada aka samo masa kuɗi. Sai dai abin da aka yi aiki da shi a fili ra'i ne ƙarami: ruwa yana sauka a kan fako, ba ya shiga ƙasa, yana gangarowa da ƙarfi ya yage kwari. Saboda haka a tare shi tun daga tudu, da jerin duwatsu da ramuka da madatsai. Wannan magana kowace damina tana iya ƙaryata ta: ko gero ya tsaya a fako, ko bai tsaya ba. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyansu da abinci, su ne kuma suka fara ganin amsar. Haka layukan dogon yaro na kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975: iska aka ce za su tare, kuma ana iya auna amfanin gonar da ke bayansu.

Ku ma'aikata, ga inda abin ya shafe ku. Babbar nazariyyar da ta ɗora laifi a kan talaka ita ce ta ƙarfafa hannun gandun daji, har manomi ya ga itacen gonarsa ba nasa ba ne, ya riƙa sare tsiro tun yana ƙarami. Da aka sassauta, manoman Maradi da Damagaram suka bar kututture ya tofo, gawo ya dawo gonaki. Amma tsohon hoton yana da rai bakwai: a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da gina ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, kuma sai daga baya aka karkata shirin zuwa gyaran ƙasa gona-gona, irin wanda matan Keita suka yi da duwatsu a ka.