Daga Tashar Rigasa Zuwa Ƙofar Gida: Jawabina A Taron Matasa

 

Yau kan sufuri zan yi magana, kuma da tashar Rigasa zan kafa misali. Tun Yulin 2016 jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ke jigila, a 2021 kuma aka fara sayar da tikitinsa ta intanet. Kun ga kenan, kafin jirgi ya baro Idu, kwamfuta ta san yawan masu sauka Rigasa da lokacin isowarsu. Amma direban da zai kwashe su fa? Shi da ƙiyasi yake aiki.

To, kirana shi ne a haɗa biyun. Fasinja na sayen tikiti ya zaɓi unguwarsa: Kawo, Tudun Wada, Barnawa ko Sabon Tasha. Manhaja ta tara masu hanya ɗaya. In mutum uku ne ta tura musu Keke Napep, in sun kai sha takwas ta kira bas. In jirgi ya makara, saƙo ya je wa direba, ya ci gaba da lodinsa cikin gari maimakon zaman jira.

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kujerar da ta tafi babu kowa asara ce. Direba ya ƙona mai ga balas na jiransa da yamma, fasinja kuma ya ɗauki shata shi kaɗai. In aka raba kuɗin, ai kowa ya huta. A Legas katin Cowry ɗaya ke biyan bas ɗin BRT, jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Mu me ya hana mu?

Amma da sharaɗi uku. Na farko, ƙungiyoyin direbobi su zauna a teburin tun ranar farko, kada a kawo kamfani ya kore su daga abincinsu. Na biyu, mai ƙaramar waya ya iya shiga da lambobi, kamar yadda yake tura kuɗi a banki. Na uku, kowane direba a yi masa rajista, domin uwar da ta sauka da dare ta san wanda ya ɗauko ta.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi matsayinsa kan wannan, kuma a rubuce muke so.