Saukar Baƙin Ƙudan Zuma



A ƙasarmu amya ake ratayawa a bishiya, a jira ƙudan zuma su shigo da kansu. A Amurka kuwa sayensu ake yi: kimanin 10,000 cikin akwati mai raga, sarauniya a ɗan kejinta dabam. Da yamma sai a yayyafa musu ruwan sukari, a rataye kejin cikin amya, a zazzage su, a rufe.

To, ga hatsarin: sarauniyar nan ba uwarsu ba ce. In aka sake ta nan take, suna iya kashe ta, gida ya mutu. Don haka ake toshe ƙofar kejin da alewa. Kafin su cinye ta, cikin 'yan kwanaki, sun saba da ƙanshin baƙuwar, sun karɓe ta. Mai garaje a nan, asara ya saya.