Ku Fara da Tambaya Kafin Ku Koyar

Jawabi ga ɗaliban da ke shirin aikin taimakon al'umma a Jama'a, kusa da Samaru

Kafin ku shiga gidajen mutane, bari in ba ku labarin wani abu da ya faru a ƙasar nan ta Zazzau.

Tun zamanin Turawa, malaman gona suna gaya wa manoma su riƙa shuka iri ɗaya tak a gona. Suna ganin haɗa gero da dawa da wake wuri ɗaya rashin ilimi ne. Manoma suka saurara, suka ci gaba da abinsu.

A 1966 da 1967, wani Bature mai suna David Norman na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa suka yi bincike a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Suka auna gonaki, suka rubuta aikin da kowane gida ke yi da amfanin da ya samu. Sai suka tarar manomin ne ke da gaskiya. Gonar haɗi ta fi ba da riba, musamman bisa wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli, lokacin da noma ke yawa hannu kuma ya yi kaɗan. Gero yana nuna a watan Agusta, daidai lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Dawa tana biyowa bayan damina. Wake yana ba da abinci da harawar dabbobi. In ruwa ya yi gardama, ɗaya ya lalace, wani zai tsira.

Ku duba fa: da manoman nan sun bi shawarar masu takarda, da yunwa ta shiga gidaje da yawa.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Ku fara gaida mai unguwa da dattawa, ku nemi izini. Ku tambayi manomi ko ungozoma dalilin abin da suke yi kafin ku ce a canza shi. In kun gama rubuta rahotonku, ku dawo ku karanta wa mutanen da Hausa, su gyara muku kuskure.

Ku maki za ku samu ku tafi. Su kuwa a nan za su zauna da sakamakon shawararku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.