Nauyin Iyaye Bayan Ɗa Ya Shiga Jami'a

Malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Alsawra a nan Omdurman da waɗanda suka tsallako kogi daga Khartoum, ina gaishe ku.

Ranar da sakamakon jarrabawar shahadar sakandare ya fito aka ce yaro ya samu gurbi a jami'a, guɗa ake yi, maƙwabta su shigo barka. Mako guda sai taro ya watse, a bar yaro da shekara huɗu ko biyar, har shida in likitanci ne. A kan waɗannan shekarun nake son mu tsaya.

Dattawanmu sun san lokacin da ɗalibin Jami'ar Khartoum ke samun ɗaki da abinci kyauta. Wannan ya kau tun 1990, da gwamnati ta yawaita jami'o'i, ta mayar da koyarwa cikin Larabci, ta janye ciyarwa. Nauyin ya dawo gida. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe jami'o'in, ya warwatsa malamai, ɗalibai suka koma bin darasi ta waya, wasu suna tafiya wasu garuruwa don zana jarrabawa.

Abin da ya fi damuna a yau ya wuce kuɗin rajista. Yaran da suka zauna a gida ba su zauna haka kawai ba. Wani ya kama tuƙin raksha, babur mai ƙafa uku, wani ya kasa kaya a kasuwar Sabrin, kuma da guminsu aka ɗora tukunya a kwanakin da ba wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Allah ya yi musu albarka. To amma gida ya saba da kuɗin nan. Da jami'a ta kira, sai uba ya ce, "Bari dai ka dakatar da shekarar nan, baɗi ka koma." Baɗi ta zo, a sake cewa baɗi. Alhaji, yaron nan ba zai iya buɗe baki ya ce maka a'a ba, kunyarka yake ji. Kai ne za ka kira shi ka ce, "Ajiye makullin, koma karatunka, mu za mu san yadda za mu yi." Kalmar nan daga bakinka ta fi kowane kuɗi da za ka tura masa ta manhajar Bankak nauyi.

Haka batun 'ya'ya mata. Babikir Badri ya buɗe wa 'yan mata makaranta a Rufa'a a 1907, daga zuriyarsa Jami'ar Ahfad ta fito, ga ta nan cikin Omdurman. Ban ce a hana aure ba. In miji ya fito, a faɗa gaban waliyyai da shaidu cewa za ta ƙarasa, a kuma san tun yanzu wa zai riƙe jariri lokacin jarrabawa. Hajiya, wannan a hannunki yake, ke da surukarki.

Wani zai ce shi bai yi boko ba, me zai tsinana? Kakanninmu da suka baro Sakkwato bayan yaƙin Burmi a 1903, har Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, sun san doguwar tafiya da guzuri da haƙuri ake yin ta. Karatun jami'a ma haka yake. Tambaye shi me aka koya masa, ko ba za ka fahimta duka ba. In ya faɗi darasi, ka ji dalili kafin faɗa, domin yaran nan sun ga abin da ke hana barci. Kada kuma ka ɗora masa likitanci don ɗan maƙwabci na yi, alhali zuciyarsa na wajen noma ko koyarwa.

Sauran na aljihu ne. Adashin da iyaye mata ke yi a kowace unguwa, a ware zubi ɗaya da sunan ɗalibai, kwasa ta faɗo daidai lokacin rajista. Takardu kuwa, lambar ɗan ƙasa da shahada da rasit na kowace shekara, a ɗauke su hoto a aika wa ɗan'uwa a wani gari, domin gidaje da yawa sun rasa nasu a gudun hijira, kuma mu Hausawa mun san wahalar da ake sha kafin a sake fitar da su.