Aikatau a Nahawun Turanci: Mu Fara Daga Abin da Yaro Ya Sani

 

An nemi in yi bayani a kan yadda za mu taimaki yaran aji 5 da 6 na firamare, da na ƙaramar sakandare, su rarrabe ire-iren aikatau a Turanci. Kowa a nan ya san halin da ƙasar Sabon Birni da Isa ke ciki. Rashin tsaro ya rufe makarantu, ya tarwatsa garuruwa, yaran da suka dawo aji sun dawo da giɓin zango biyu ko uku. Amma jarrabawar ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare ba ta rage wa ɗan Kurawa tambaya ko ɗaya saboda ya yi gudun hijira, kuma in ya kai ga WAEC ko NECO, sai da kiredit a Turanci za a ba shi gurbi a jami'a. Lokacinmu kaɗan ne, don haka tilas mu zaɓi hanya mafi kusa. A ganina, hanyar ita ce Hausar da ke bakin yaron.

Nahawu ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Ɗaliban zaure suna karanta Ajurumiyya, inda aka kasa magana zuwa suna da fi'ili da harafi, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu. A Hausa ma, F. W. Parsons ya kasa aikatau zuwa giredi 7 a 1960, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1976. Muna da tushen da za mu ɗora gini a kai.

Farkon abu shi ne gano aikatau a cikin jimla. Mun saba cewa aikatau kalmar aikatawa ce. Wannan ta'arifi yana kama "run" da "eat", amma yana sakin "is" da "have" da "know", domin babu wanda ake ganin yana aikata su. Ga gwajin da ya fi shi. Rubuta "Musa has a donkey" a allo, ka ce yara su sa "yesterday" a farkon jimlar. Kalmar da ta sauya kama, wato "has" ta koma "had", ita ce aikatau. A nan ne za ka nuna musu babban bambancin harsunan biyu. Bahaushe yana cewa na tafi, zan tafi, nakan tafi: kalmar tafi tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke ɗauke da lokaci. Turanci kuwa yana ɗora lokacin a jikin aikatau ɗin kansa. Yaron da ya rubuta "Yesterday I go" ya bi ƙa'idar harshensa ne, kuma da zarar an nuna masa haka, gyaran ya zo da sauƙi.

Daga nan sai masu bin ƙa'ida da masu saɓa mata. Mafi yawan aikatau suna karɓar "-ed" a shuɗaɗɗen lokaci, kamar "walk" da "walked". Masu saɓawa sun kai kimanin 200, irin su "go" da "went", "buy" da "bought", kuma su ne aka fi amfani da su yau da kullum. Waɗannan sai hadda, kuma yaranmu gwanayen hadda ne. Guda 5 a mako, ana rera su da safe ana sa su cikin jimla, sun haura 50 kafin zango ya ƙare.

Rukuni na gaba shi ne so-karɓau da ƙi-karɓau, waɗanda malaman Larabci ke kira muta'addi da lazimi. Ka ce wa yaro ya faɗi waɗannan: na saya, na sayi gero, na saye shi. Ba wanda ya koya masa a aji, amma ya sauya wasalin ƙarshe sau uku bisa ga abin da ya biyo baya. Kunnensa ya riga ya san karɓau. To, ya tambayi aikatau na Turanci: me, ko wa? "Hauwa bought millet": ta sayi me? Gero. So-karɓau ke nan. "The baby slept": ya yi barcin me? Tambayar ba ta da amsa, don haka ƙi-karɓau ne. Sai dai a yi hattara da wuraren da harsunan suka saɓa. Muna cewa jira ni, saurare ni, shi ya sa yara ke rubuta "wait me" da "listen me", alhali Turanci na buƙatar "wait for me" da "listen to me". Irin waɗannan ya kamata su samu gefe guda a allo har ƙarshen zango.

Akwai kuma aikatau mahaɗi, wanda aikinsa shi ne ya haɗa aikau da sifarsa ko matsayinsa. Audu manomi ne: wannan cikakkiyar jimla ce a Hausa, ba kuwa aikatau a cikinta. Shi ya sa muke ganin "My father farmer" a takardun yara. Turanci ba ya yarda da jimla marar aikatau, sai an ce "My father is a farmer". Sauran 'yan wannan gida su ne "become" da "seem" da "remain", kuma wanda ya karanta kana da 'yan uwanta a Islamiyya zai gane su nan take. Gwajinsu shi ne a cire kalmar a sa "is". In jimlar ta tsaya da ma'ana kusa da ta farko, mahaɗi ne.

Na ƙarshe su ne mataimaka: "be" da "have" da "do", sai irin su "can" da "will" da "must". A "She is a nurse", kalmar "is" mahaɗi ce. A "She is cooking", mataimakiya ce, domin wani aikatau ya biyo ta. Ga wani abu da ke faranta wa yara rai in an nuna musu. A "He did not go" da "He will go", Turanci ya koma tsarin Hausa sak: mataimakin ya ɗauki lokaci, aikatau ya zauna yadda yake, kamar bai tafi ba da zai tafi. Wanda ya fahimci wannan ya rabu da "Did you went?" da "He can goes".

'Yan uwa, ina da roƙo biyu. Na farko ga shugabannin reshe: a ware sa'a ɗaya a kowane wata, malaman Hausa da na Turanci na firamare da ƙaramar sakandare su zauna tare, su daidaita kalmomin da suke amfani da su, don kada yaro ya ji aikatau da safe, ya ji sunansa na Turanci da rana, ya ɗauka abubuwa biyu ne dabam. Wannan ba ya buƙatar kuɗi ko jiran takarda daga Sakkwato. Na biyu ga iyaye: ko ba ku jin Turanci, ku sa yaro ya ba ku labarin abin da ya yi jiya da abin da zai yi gobe da Hausa mai kyau, sannan ya maimaita jimla biyu da Turanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, Ya buɗe makarantun da ke rufe, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Wassalamu alaikum.