Kalaman Tunzura Jama'a a Fagen Siyasa da Iyakar 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin bayyana ra'ayinsa, sai dai sashe na 45 ya halatta wa hukuma ta taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka idan tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a ko haƙƙin wasu mutane ya buƙaci haka. Wannan takarda ta tsaya ne a tsakanin sassan biyu, kuma matsayinta shi ne zafin magana kaɗai bai isa ya zama laifi ba. Abin da ya cancanci hukunci shi ne tunzurawa, wato kiran da ake yi wa jama'a, a fili ko a lulluɓe, su far wa wasu mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu ko jam'iyyarsu, a yanayin da ake kyautata zaton za a amsa kiran.

Shari'o'in da suka biyo bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994 sun fi kowace hujja fito da wannan bambanci. A 2003 kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a Arusha ta Tanzaniya ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon RTLM, da Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura, da laifi, domin kafofin biyu sun riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, rediyon kuma har sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya yake karantawa masu adduna suna saurare a shingayen hanya. Shari'ar mawaƙi Simon Bikindi ta fi kusa da al'ummar da waƙar siyasa ke da ƙarfi a cikinta kamar ta Hausawa. Kotun ta yarda cewa an yi amfani da waƙoƙinsa wajen rura wutar gaba, amma ba a kansu ta ɗaure shi ba. Shekara 15 da ta yanke masa a 2008 saboda kiran da ya yi ne da lasifika daga cikin mota a yankin Gisenyi, inda ya nemi Hutu su gama da Tutsi a daidai lokacin da kisan ke gudana. Bakin mutum ɗaya ne ya furta duka biyun, amma alƙalai suka duba lokaci da masu sauraro da abin da aka nemi su aikata.

Irin wannan ma'auni ne ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsara a birnin Rabat na Maroko a 2012, inda suka ce kafin a hukunta mai magana a duba abu shida: halin da ƙasa take ciki, matsayin mai maganar a idon jama'a, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da sigarta, nisan da ta yi, da kuma yiwuwar ta haifar da ɓarna. Matsayin mai magana ya fi sauran nauyi a siyasar Arewa, domin kalmar da za ta wuce a majalisar mai shayi ba tare da kowa ya kula ba, idan ɗan takara ya furta ta a kan dandamali a gaban matasan da aka kwaso a motoci, wasunsu da gora da barandami, ta zama umarni. Ɗan siyasa kuwa ba kasafai yake cewa a kashe ba. Habaici da zambo da gugar zana yake yi, ya bar wa 'yan jagaliya fassara, gobe kuma ya ce ba a fahimce shi ba. Saboda haka alƙalin da zai auna irin wannan furuci dole ya tambayi yadda masu sauraro suka fahimce shi a harshensu da wurinsu, kamar yadda kotun Arusha ta yi da kalmomin Kinyarwanda. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, ya isa shaida cewa wannan ba muhawarar ɗakin karatu ba ce.

Bayan haɗarin masu tunzura jama'a, haɗari na biyu yana zuwa ne daga wajen masu mulki. A 2019 an gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin dokar kalaman ƙiyayya wanda ya tanadi hukuncin kisa ta hanyar rataya idan maganar ta jawo asarar rai, kuma jama'a suka yi masa ca, da gaskiyarsu, domin ma'anar laifin ta yi faɗin da za ta iya haɗiye mai sukar gwamnati tare da mai tunzura jama'a. Yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Najeriya ta amince da ita, ta wajabta haramta kiran ƙiyayya da ke tunzura tashin hankali a sashe na 20, amma sashe na 19 ya ce duk wani taƙaitawa sai ya kasance a rubuce cikin doka kuma ya zama dole. Sojan baka da ya ce gwamna ya ci amanar talakawa, ko da a rediyo ya faɗa kuma da kakkausar murya, yana cikin haƙƙinsa, kuma idan ƙarya ya yi akwai dokar ɓata suna.

Abin da ya rage shi ne aiwatarwa. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta zagi da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila a yaƙin neman zaɓe, kuma yarjejeniyar zaman lafiya da Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari suka sa wa hannu a Abuja a Janairun 2015 ta nuna cewa manyan 'yan takara suna iya ɗaure kansu da alkawari a bainar jama'a. Amma muddin kamu yana tsayawa a kan matashin da ya yi rubutu a Facebook, manyan da suka yi furucin a kan dandamali kuwa ba a ko gayyace su ba, to ya kamata masu tsara doka su mayar da hankali ga samar da mai gabatar da ƙara a kan laifukan zaɓe wanda ba gwamnati mai ci ce ke riƙe da akalarsa ba.